Mu muka fara ƙungiyar, amma sunan wata aka rubuta a founder

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Mu biyar ne muka fara wata 'yar ƙungiya a 2017, muna haɗa abunda ya sawwaƙa duk wata muna biya wa marayu kuɗin makaranta, kuma ni ce sakatariya tun ranar farko. A 2021 wata Hajiya ta shigo cikinmu, tsakani da Allah ta yi mana ƙoƙari, ita ta ɗauko lauya ta biya kuɗin rajista har muka samu satifiket. Toh yanzu wata gidauniya ta ƙasar waje ta turo mana fom na neman tallafi da Turanci, ɗan Hajiya ne ya cike, sai na ga ya rubuta "established in 2021", wajen "founder" kuma sunanta ita kaɗai. Na yi magana a guruf ɗinmu na rubuta cewa "our association was found in 2017", shikenan aka dinga min dariya wai in je in gyara Turancina tukunna, wata ma ta ce ai founded da established da incorporated duk abu ɗaya ne in daina neman rigima. Anti raina ya ɓaci sosai, na rasa gane ni ce ban iya Turancin ba ko kuwa ƙwace mana ake so a yi. In fita in bar musu ne?

Wa alaikumussalam ƙanwata, sannu, Allah ya ba ki ladan abunda kike wa marayun nan. Kar ki fita, ko da wasa. Na ji zafin saƙonki wallahi, mutum ya shekara da shekaru yana riƙe da littafi yana bin mutane kuɗin wata yana zuwa makaranta roƙon a ƙara wa yaro kwana biyu kafin a koro shi, sannan ranar da aka zo rubuta tarihi a tsallake sunansa, kuma da ya buɗe baki a mai da shi abun dariya, dole ya yi ciwo. Dariyar da aka miki ba a kyauta ba. Wadda ta ce duk kalmomin abu ɗaya ne kuma ba ta faɗi daidai ba, yanzu zan warware miki su.

Bari mu fara da inda aka kama ki dan mu wuce wajen. Turanci yana da kalmomi biyu daban da suka zo suka yi karo a rubutu ɗaya. Akwai "find" wato samu ko gano abu, in ya wuce sai a ce "found". Akwai kuma wata "found" ɗin mai zaman kanta, ma'anarta kafawa, ita in ta wuce "founded" ake cewa. Kinga da kika rubuta "was found in 2017" abunda ya fito shi ne wai a 2017 aka tsinto ƙungiyar, "was founded" ya kamata, haruffa biyu kawai kika bari, kuma wannan tarko ne da yake kama har masu digiri. Ki gyara ki wuce, maganar da kika yi tana nan da nauyinta.

Ita "found" ta kafawa asalinta daga Latin ne, daga fundus, wato ƙasan abu, gindinsa. Daga nan "foundation" ta fito, shiyasa kalma ɗaya take nufin harsashin gini kuma take nufin gidauniya irin wadda ta turo muku fom. Toh ki ɗauka gida ne, harsashi sau ɗaya ake haƙa shi, ranar da aka haƙa an haƙa, wanda ya zo daga baya ya yi rufi ya sa ƙyaure ya kawo wuta ya yi babban aiki, watakila ma kuɗinsa ya fi na kowa yawa a ginin, amma ba shi ya haƙa harsashi ba. Haka "founder" take, wanda ya fara ne. In mutum biyu ko biyar suka fara tare kowannensu "co-founder" ne, in kuma an fi son a ce suna cikin mambobin farko sai a ce "founding members". In dai yanda kika ba ni labarin haka yake, ku biyar ɗin nan ku ne co-founders, 2017 kuma ita ce shekarar da za a sa a gaban "founded".

"Establish" ita ce mai ɗan santsi, kuma a nan ina so ki yi wa ɗan Hajiya adalci. Danginta ɗaya da "stable", abun da ya tsaya da ƙafarsa ba ya rawa, ma'anarta kafa abu a tabbatar da shi ya zauna. Turawan kansu suna amfani da ita a madadin "found" sosai, shi ne za ki ga an rubuta "Est." da shekara a jikin allon kamfani ko tambarin makaranta. Amma ta fi "found" faɗi, gwamnati tana "establish" ɗin hukuma ta hanyar doka, mutum yana "establish" ɗin sunansa a sana'a, kotu tana "establish" ɗin gaskiyar magana, duk tabbatarwa ce. Dan haka in yaron ya ce a 2021 ƙungiya ta tabbata a takarda shiyasa ya rubuta haka, ba za a ce ya shirga ƙarya kai tsaye ba. Matsalar ita ce duk wanda ya karanta "established in 2021" ba tare da wani ƙarin bayani ba zai ɗauka kafin 2021 babu ku kwata-kwata, kinga an share shekara huɗu na aiki kenan da kalma ɗaya.

Kalmar da ta dace da abunda Hajiya ta yi ita ce "incorporated" ko "registered". "Incorporate" daga corpus take, jiki kenan a Latin, wato doka ta ba wa ƙungiya jiki nata na kanta, ta zama kamar mutum a idon shari'a, ta iya buɗe asusu da sunanta, ta mallaki kadara, ta kai ƙara a kai ta ƙara, kuma ko duk waɗanda suka fara ta sun rasu tana nan. Wannan ba ƙaramin abu bane, ba dan shi ba da wuya gidauniyar nan ta ko kalle ku. Amma ranarsa daban, tana jikin satifiket ɗinku, kuma ba ita ce ranar farawa ba.

Ga misalin da ya yi kama da naku sak. Kamfanin Apple mutum uku ne suka fara shi ranar 1 ga Afrilu 1976, Steve Jobs da Steve Wozniak da Ronald Wayne. Shi Wayne ko sati biyu cikakku bai yi ba ya janye, ya karɓi dala 800 ya bar musu kasonsa. Sai 3 ga Janairu 1977 aka yi wa kamfanin rajista ya zama "incorporated", kuma wanda ya kawo kuɗi ya tsaya a kan wannan aikin wani ne mai suna Mike Markkula, daga baya har shugabancin kamfanin ya riƙe. Yau in kika duba tarihin Apple za ki ga founded 1976, incorporated 1977, za ki ga Wayne da ya yi 'yan kwanaki ya tafi yana cikin founders, shi kuma Markkula mai kuɗin ana ba shi girmansa na wanda ya zuba jari ya ɗaga kamfanin amma ba a lissafa shi cikin ukun. Ba wanda ya ce an wulaƙanta shi da haka.

Sai dai ba zan ɓoye miki ɗaya ɓangaren ba dan kar ki je ki tsaya a gaban Hajiya da rabin labari. Ana iya shigar da wanda ya zo daga baya cikin sahun farko in waɗanda abun ya shafa sun yarda. Kamfanin motocin lantarki na Tesla, Martin Eberhard da Marc Tarpenning ne suka yi masa rajista a 2003, Elon Musk sai 2004 ya shigo da kuɗinsa, aka zo aka yi ta rigima kan wa ya cancanci sunan founder har sai da aka je kotu a 2009, aka kai ruwa rana sannan aka sasanta a kan mutum biyar su dinga amsa sunan co-founder, har da Musk. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ƙasashe 50 ne suka sa hannu a yarjejeniyar kafa ta a San Francisco ranar 26 ga Yuni 1945, Poland ba ta wajen taron, sai a Oktoba ta sa nata hannun, amma an lissafa ta cikin mambobin asali shiyasa ake cewa 51. Abun lura a duka biyun shi ne ƙara suna aka yi da yardar na farko, ba goge sunan kowa aka yi ba. Dan haka in ku biyar kuka zauna kuka ga alherin Hajiya ya kai ku karrama ta da co-founder, haƙƙinku ne, ni dai da za ki bi ta tawa da "patron" kuka ba ta, uwar ƙungiya kenan, ya fi dacewa da gaskiya kuma girmansa ba kaɗan bane. Amma ita kaɗai a matsayin founder ku kuma babu ku, wannan kam bai yi ba ta kowace fuska.

Sauran 'yan'uwan kalmomin nan ba sai mun daɗe a kansu ba. "Set up" da "start" da "form" su ne na maganar yau da kullum, duk farawa ne ko haɗawa. "Launch" ƙaddamarwa ce, ranar da aka tara jama'a aka sanar, tana iya zuwa shekaru bayan an fara aiki. "Institute" in aikatau ce an fi jinta wajen shigo da tsari ko fara shari'a, "constitute" kuma wajen haɗa kwamiti a ba shi hurumi, kuma daga ita "constitution" ta fito, kundin tsarin mulki.

Toh a nan nake so ki buɗe ido sosai, dan irin wannan fom ɗin kusan kullum sai ya tambayi kundinku da ranar da aka amince da shi. Kalmomin doka suma kowacce da matakinta. Tun yana ƙudiri a gaban majalisa "bill" ne, in 'yan majalisa sun kaɗa ƙuri'a ya wuce an yi "pass" ɗinsa, in shugaban ƙasa ko sarki ya rattaba hannu shi ne "assent", a Ingila ma "Royal Assent" suke ce masa, daga nan an yi "enact" ɗinsa ya zama "Act". Duk da haka ba lallai ya fara aiki ranar ba, ranar fara aiki ita ce "come into force". A Amurka gyara na 18 na tsarin mulkinsu wanda ya hana yi da sayar da giya jihohi sun gama amincewa da shi a 1919, wannan shi ne "ratify", amma sai 1920 ya fara aiki, a 1933 kuma gyara na 21 ya zo ya soke shi gaba ɗaya, sokewar ita ce "repeal", gyaran kuma "amendment". Tarayyar Afirka ma haka, an amince da kundin kafa ta a Lome a 2000, ya fara aiki a 2001, aka yi bikin ƙaddamar da ita a Durban a 2002, abu ɗaya shekaru uku daban-daban kuma kowacce gaskiya ce in an sa ta gaban kalmarta. Ku naku kundin ba a ce masa "enacted", wannan ta majalisa ce, ku "adopted" za ku rubuta, wato mambobi sun zauna sun karanta sun amince, ƙananan ƙa'idojin gudanarwa kuma irin na kuɗin wata da tarar makara su ne "bylaws".

Yanzu ina da tambaya gare ki ƙanwata, kuma ita ta fi damuna fiye da maganar founder. Ke da kike sakatariya, kin taɓa riƙe kundin da lauya ya shigar wajen rajista a hannunki kin karanta shi daga farko har ƙarshe? Yaushe kuka zauna kuka yi "adopting" ɗinsa, kina wajen? Sunayen su wa aka sa a "trustees", wato amintattu? Su wa ke sa hannu a asusun banki? Dalilin da yasa nake tambaya, kalmar founder ita kaɗai ta tarihi ce da girmamawa, galibi ba ta ba mutum ikon komai sai in kundin ne ya rubuta mata wani iko. Ikon gaske yana hannun amintattu da shugabannin da kundin ya ambata, su ne doka ta sani, su za a tambaya in kuɗi ya shigo, su za su iya yanke hukunci a kan kadara. Ana iya rubuta sunanki da manyan baƙaƙe a founder a faranta miki rai, alhali a takardar da hukuma ta riƙe ba ki da ko kujera ɗaya. Ana kuma iya samun akasin haka, ki duba ki tarar lauyan ya sa ku biyar ɗin duka a amintattu, yaron ne kawai ya cike fom da son mahaifiyarsa irin na ɗa, wanda in haka ne abun ya zo da sauƙi ƙwarai. Kafin ki yanke cewa ƙwace ne ki ga takardun nan da idonki. Neman kwafinsu haƙƙinki ne na sakatariya, ba rashin kunya bane.

Ki bar maganar guruf haka nan, kar ki ƙara rubuta komai a can kan wannan batun, wajen da mutum goma ke karantawa kowa kare fuskarsa yake yi, Hajiya ma in aka ƙure ta a gaban mutane za ta kafe ko da a ranta ta san kin fi ta gaskiya. Ki fara tattara shaidarki a nitse, littafin kuɗin wata na 2017, rasit ɗin makaranta na yaran farko, tsofaffin saƙonni da hotuna masu kwanan wata, rahoton zamanku na farko in kin rubuta. Sannan ki tuntuɓi sauran huɗun ɗaya bayan ɗaya ki ji ra'ayinsu, dan maganar ta ku biyar ce, in ke kaɗai kika ɗauke ta za a mai da ita son suna. Daga nan ki samu wadda Hajiya ke jin nauyinta a cikinku ku je ku same ta ku biyu, ku fara da godiya, kuma godiyar gaske dan ta cancanta, sannan ki nuna mata abunda ƙungiya za ta yi asara. Masu ba da tallafi suna duba daɗewar ƙungiya a aiki da abunda ta taɓa yi, in fom ya ce 2021 kuka fara sannan rahotonku ya nuna yaran da kuka biya wa kuɗi tun 2017, mai dubawa zai ga magana biyu ta saɓa, kuma saɓani a takarda yana iya sa a ajiye fom gefe ba tare da an kira ku an tambaya ba. Kinga gyaran nan ribar kowa ce har da ita.

Ki tafi da rubutun a shirye dan kar a tsaya ana ja-in-ja kan yanda za a sa. Wajen tarihi a rubuta "Founded in 2017 by five women and incorporated in 2021." Wajen "year founded" 2017, wajen "date of incorporation" ko "date of registration" a kwafo ranar da ke jikin satifiket harafi da harafi, kar ki yarda zafin zuciya yasa ki sa 2017 a wannan gurbin dan za su nemi kwafin satifiket ɗin su gwada. In fom ɗin gurbi ɗaya kawai ya bayar ya ce "year established", sai ku duba bayanin da ke ƙasansa, in ranar rajista suke nufi ku ba su ita, sannan a wajen bayanin ƙungiya ku rubuta cewa aiki ya fara tun 2017. Wajen founders sunayenku biyar, sunan Hajiya kuma a inda muƙaminta yake, patron ko trustee ko shugaba, da layi ɗaya mai kyau da ya faɗi cewa ita ta ɗauki nauyin rajista.

In kun daidaita kar ku bar shi a baki. Ku kira zama, a karanta, a amince, ki rubuta a rahoton zama kowa ya sa hannu, in da hali ma a shigar da sunayen waɗanda suka kafa ƙungiya cikin kundin ta hanyar amendment yanda kundin kansa ya tsara a yi gyara. In kuma kika duba kika tarar babu ko ɗaya daga cikinku a amintattu, ko kuma an shigar da kundin da ba ku taɓa gani ba, toh wannan ya wuce gyaran Turanci, ku nemi lauya naku daban wanda ba shi ya yi rajistar ba ya duba muku, dan kowace ƙasa da dokarta kan yanda ake ƙara ko sauya amintattu, kuma ku roƙi a dakata da tura fom ɗin har sai an gama.

Ki nemi kwafin kundin da satifiket ɗin cikin satin nan kafin a tura komai, in kin karanta ki sake rubuto min abunda kika gani a wajen trustees da wajen masu sa hannu a banki, sai mu san mataki na gaba. Allah ya daidaita tsakaninku, ya raya yaran nan.